Yadda ake tsara labari da hotuna a aji da shafukan zane na intanet

Tun ranar da na nuna allon labarin da 'yan ajina na JSS 2 suka yi a kan tatsuniyar Gizo da hankaki, malamai suke ta tambayata abu uku: da wane shafi aka yi, nawa aka kashe, kuma yaya aka yi a ajin da yara suka haura sittin ga kwamfuta ɗaya tal. Na amsa wa wasu ɗaya bayan ɗaya, amma tambayar ba ta ƙare ba, shi ya sa na zauna na rubuta matakan a jere yadda nake bin su.

Allon labari shi ne jerin akwatunan da masu shirya fim suke zanawa kafin su kunna kyamara, kowane akwati da hoton abin da zai faru da ɗan bayani a ƙarƙashinsa. Shafukan zanen labari na intanet suna ba ka akwatunan, da mutanen da aka riga aka zana, da wurare, da kumfar magana (da'irar da ake rubuta maganar mutum a ciki), kai kuma ka jera su. Yaron da bai iya zane ba ya samu hanyar nuna abin da yake cikin kansa.

Kayan da za ka tanada

Kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya ta isa, biyu sun fi. Sai wayar da za ta ba kwamfutar data, da farar takarda A4 aƙalla biyu ga kowane rukuni, da fensir da magogi, da filashi na ajiye aiki. Idan makarantarku tana da majigi, madalla. Idan babu, ba abin da zai tsaya.

Kuɗin da ake kashewa a wuri uku ne: data, da buga takarda a shagon kwamfuta, da cajin kwamfuta idan babu wuta. Shafin kansa kana iya yin zango guda ba ka biya shi ko kwabo ba.

1. Zaɓi shafi ɗaya, ka tsaya a kansa

MakeBeliefsComix kyauta ne, kuma kana iya fara zane ba tare da ka buɗe asusu ba. Ya dace da 'yan firamare da wanda bai taɓa gwadawa ba, sai dai mutanensa na zanen barkwanci ne, kuma ba a iya juya su yadda aka ga dama.

Storyboard That an gina shi ne musamman don wannan aikin. Kana iya canza launin fatar mutum, da kayansa, da tsayuwarsa, da yanayin fuskarsa. Ɓangarensa na kyauta yana da iyaka: alluna kaɗan a mako, akwatuna kaɗan a kowane allo. Ga aji ɗaya mai rukuni goma, iyakar za ta matse ka.

Pixton ya fi kyau wajen nuna fushi da tsoro da murna a fuska, amma cikakken amfaninsa sai da biyan kuɗi.

Canva yana da shirye-shiryen akwatunan labari da yawa, kuma yana karɓar hoton da ka ɗauka da wayarka. Yana da tsarin malamai na kyauta ga masu koyarwa a firamare da sakandare, sai dai za su nemi shaidar cewa kana koyarwa, kamar katin aiki ko takardar ɗaukar aiki, kuma amsar takan ɗauki kwanaki. Ni da shi nake aiki, saboda dalilin da zan faɗa a mataki na shida.

Gargaɗi: za ka ci karo da tsofaffin rubuce-rubuce suna yabon Bitstrips da ToonDoo. Kada ka ɓata datarka. An rufe na farko a 2016, na biyu a 2019. Duk shafin da ya ce maka sai ka sa manhajar Flash ma ka bar shi, don an daina tallafa wa Flash tun ƙarshen 2020.

Gargaɗi na biyu: idan shafi ya nemi lambar katin banki kafin ya ba ka kwanakin gwaji, ka rubuta ranar da gwajin zai ƙare a wurin da idonka zai gani, ka soke kafin ranar. Wasu shafukan da dala suke cire kuɗin, kuma tsarin yakan sabunta kansa ba tare da ya sake tambayarka ba.

2. Gwada haruffan Hausa kafin komai

Wannan matakin shi ne wanda kowa yake tsallakewa, kuma shi ya taɓa kunyata ni a gaban aji. Na buɗe wani shafi, yara sun gama rubuta maganganunsu, muka sauke hoton, sai ga ƙananan murabba'ai sun fito a duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke. Salon rubutun da shafin yake amfani da shi bai san haruffanmu masu ƙugiya ba. Wani yaro ya ce, "Malam, to mu cire ƙugiyar mana." Na rubuta masa jimla biyu a allo: "Ƙura ta tashi" da "Kura ta tashi". Na ce ya faɗa mini wacce za ta sa mutanen kasuwa su ruga. Daga nan bai sake zancen ba.

Don haka a gida, kafin ranar darasi, ka buɗe akwati ɗaya, ka sa kumfar magana, ka rubuta wannan: "Ɓarawo ya ɗauki ƙwai a ɗakin 'ya'yan Ƙoƙi." Jimlar ta ƙunshi Ɓ da Ƙ da ɗ da ƙ, sai ka ƙara ɓ da Ɗ a ƙarshenta don su cika. Ka sauke hoton, ka buɗe shi ka duba. Kallon allon kwamfuta kaɗai bai isa ba, don wani lokaci harafin yana fitowa daidai a wurin rubutu, ya lalace a hoton da aka sauke.

Idan ya lalace, canza salon rubutu. Noto Sans da Andika duk suna ɗauke da haruffanmu. Idan shafin bai ba da damar canza salo ba, ka bar kumfar babu komai, ka buga takardar, yara su cike da biro. Wannan ma yana da amfaninsa, tunda ka ga rubutun hannun kowa.

A waya, allon rubutu na Gboard yana da Hausa: ka ƙara ta a jerin harsuna, haruffan za su samu. A kwamfuta, hanya mafi sauƙi ita ce ka ajiye ƙ ɗ ɓ Ƙ Ɗ Ɓ a wani ɗan fayil, yara su riƙa kwafowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

3. Buɗe asusu da sunanka kai kaɗai

Kada ka sa yara su buɗe asusu da sunayensu. Yawancin shafukan nan ba sa yarda wanda bai kai shekara 13 ba ya buɗe da kansa, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ko mai riƙo ake amfani da bayanan yaro. Ka buɗe asusu ɗaya da imel ɗinka na aiki, ka sa wa kowane fayil sunan rukuni: Rukunin Kuka, Rukunin Gawo, Rukunin Ɗorawa. Babu cikakken sunan yaro, babu hoton fuskarsa.

Ka kuma je ka sanar da shugaban makaranta abin da za ku yi. Akwai iyayen da ba sa son 'ya'yansu su zana mai rai, kuma ya kamata a girmama wannan. Irin wannan yaron nakan ba shi aikin rubuta maganganu ko jera aukuwar labari, ko kuma rukuninsa ya yi amfani da inuwar mutum marar fuska. Abin da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne a zana annabawa ko sahabbai. Idan darasin addini ne, a tsaya a kan abin da ya shafi ɗabi'un yau da kullum, kamar gaida maƙwabci ko riƙon amana a kasuwa.

4. Darasi na farko: a yanka labari gida shida, ba tare da kwamfuta ba

A minti arba'in na farko kada kwamfuta ta fito daga jaka. Da zarar yara sun ga allonta, tunanin labari ya ƙare, sai gardamar wace riga za a sa wa wa.

Ka raba aji rukuni-rukuni na mutum biyar ko shida, kowa da aikinsa: mai rubuta aukuwa, mai zane, mai rubuta maganganu, mai duba ƙa'idar rubutu, mai sarrafa kwamfuta, mai gabatarwa. Aikin mai sarrafa kwamfuta ka raba shi da kanka, ka tabbatar 'yan mata sun samu rabonsu, domin idan aka bar wa yara zaɓi, masu ƙarfin murya ne suke kwashewa.

Sai ka ba da labarin da baki. Ga yadda muka yanka na Gizo da hankaki, kamar yadda aka ba ni shi ina yaro:

1. Gizo ya ga hankaki suna cin ɓaure, yawu ya tsinke masa.
2. Ya roƙe su, kowanne ya ciro gashi ɗaya ya ba shi.
3. Suna tafe a sama, kogi yana ƙarƙashinsu.
4. A kan itacen, duk ɓauren da hankaka ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga gani.
5. Hankaki sun fusata, kowa ya karɓe gashinsa.
6. Gizo shi kaɗai a kan itace, ruwa ya kewaye shi.

Jimla ɗaya ga kowane akwati. Wannan shi ne mafi wuyar aikin duka, kuma a nan karatun yake. Yara za su kawo maka aukuwa goma sha biyar, ka ce shida kake so. Za su yi ta musu a kan abin da za a zubar. Ka bar su su yi musun. Wata yarinya ta taɓa dagewa cewa akwati na uku ba shi da amfani, tunda ba abin da ya faru sai tashi sama. Wani ya ce mata idan ba a nuna kogin ba, mai karatu ba zai gane dalilin da ya sa Gizo ya kasa saukowa a ƙarshe ba. Wannan amsar ta fi mini duk abin da na shirya faɗa a ranar.

Kuskuren da ake yawan yi: akwati ɗaya ya ɗauki aukuwa biyu. Duk jimlar da ka ga "sannan" ko "daga nan sai" a tsakiyarta, akwati biyu ce.

5. A zana a takarda da ɗan sanda

Kowane rukuni ya ninke takardar A4 a kwance gida shida: uku a sama, uku a ƙasa. Mutum kuwa da'ira ce da sanduna, ba a son gwaninta. Abu uku kawai ake yanke shawara a kansu.

Na farko nisan hoto. Hoton nesa yana nuna wuri, hoton tsakiya yana nuna masu magana daga ƙugu zuwa sama, hoton kusa yana nuna fuska ko hannu. Akwati na ɗaya ya zama na nesa don a san inda ake. Fushin hankaki a akwati na biyar na kusa ne. Kaɗaicin Gizo a na shida kuwa sai an ja da baya sosai, ya zama ɗan ɗigo a tsakiyar ruwa.

Na biyu gefen da kowa yake tsaye. Idan Gizo yana hagu a akwati na ɗaya, ya zauna a hagu har sai labari ya motsa shi. Idan yana tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, mai karatu zai rikice.

Na uku magana. Kada kumfa ta wuce kalma goma sha biyu, kada akwati ya wuce kumfa biyu. Wanda ya fara magana kumfarsa ta kasance a hagu kuma a sama.

Gargaɗi: a sa wa akwatuna lamba. Da yawa daga yaranmu da allo suka fara karatu, idonsu ya saba farawa daga dama. Na ga rukunin da ya jera labarinsa kaf daga dama zuwa hagu, sauran aji suka karanta shi daga ƙarshe zuwa farko.

Ba rukunin da zai taɓa kwamfuta sai ka sa hannu a takardarsa. Wannan dokar ita ce take sa kwamfuta ɗaya ta ishi yara sittin.

6. Shirya fanko a gida, ka tara hotunan wuri

Da daddare, lokacin da intanet ya fi sauƙi, ka buɗe shafin, ka yi allo mai akwati shida a kwance, da lambobi, da wurin bayani a ƙarƙashin kowane akwati. Ka kwafe shi sau adadin rukunanka, ka sa wa kowanne suna.

Nan ne za ka ga matsalar shafukan nan: wuraren da suke ciki na ƙasashen da aka ƙirƙiro su ne. Ɗakin girki mai kabad, titi mai dusar ƙanƙara, motar makaranta ruwan ɗorawa. Za ka sha nema kafin ka samu zaure ko rumbu ko mai babbar riga da hula. Maganin abin a wayarka yake. Ka ɗauki hoton harabar makaranta, da bakin rijiya, da gindin bishiya, da rumfar kasuwa lokacin da babu mutane, ka ɗora su a shafin su zama bayan hoto. Dalilin da ya sa na fi son Canva ke nan. Ran da yara suka ga Gizo a gindin darbejiyar da suke zama kullum lokacin tara, ajin ya kaure da sowa.

Gizo da hankaki kuwa sai ka neme su a wurin binciken hotuna na shafin, da sunayensu na Turanci. Ka zaɓi gizo ɗaya da hankaka ɗaya, ka ajiye su a gefen fankon kowane rukuni. Idan ka bar yara su nema da kansu, Gizo zai zama baƙi a akwati na ɗaya, kore a na uku.

Gargaɗi: idan daga wayarka kwamfuta take shan data, ka shiga saitin Wi-Fi na Windows ka nuna cewa wannan hanyar mai ƙidayar data ce. In ba haka ba, kwamfutar za ta fara sabunta kanta a ɓoye, ta cinye datar mako kafin rukuni na biyu ya zauna.

7. Darasi na biyu: kowane rukuni da mintinsa

Ka cika batirin kwamfuta da na waya tun dare. Minti goma zuwa sha biyu ya ishi rukunin da ya zo da takardarsa a shirye. A darasi ɗaya rukuni uku ne za su samu shiga, sauran sai lokacin tara ko bayan tashi, ko a bazu a cikin mako. Waɗanda ba layinsu ba suna gyara maganganunsu, ko suna musayar takarda da wani rukuni don a duba musu.

Jerin aiki a kan kwamfuta kullum ɗaya ne: bayan hoto na duka akwatuna shida tukuna, sai 'yan wasa, sai yanayin fuska da tsayuwa, sai kumfar magana, sai bayanin ƙasa. Wanda ya tsaya ƙawata akwati na ɗaya, lokacinsa zai ƙare bai kai na uku ba. Ka nuna musu yadda ake kwafe akwati a liƙa a na gaba, a canza abin da ya canza kawai.

A lura da wutsiyar kumfa, ta nuna bakin mai magana. Kumfar tunani ita ce mai kama da gajimare da ƙananan da'irori, kuma ta dace da Gizo ƙwarai, tunda abin da yake faɗa daban, abin da yake ƙullawa daban.

Gargaɗi: shafukan nan a intanet suke ajiye aiki. Idan layi ya yanke, yara suna iya ci gaba da jera abubuwa alhali ba abin da yake ajiyuwa. Kafin rukuni ya tashi, ka duba alamar ajiya, ka kuma ɗauki hoton allon da wayarka. Idan intanet ya ƙi gaba ɗaya a ranar, ka koma PowerPoint: yana da murabba'i da kumfar magana a cikin siffofinsa, kuma ba ya bukatar layi. Shi ya sa yana da kyau ka sauke hoton gizo da hankaka a kwamfutarka tun a gida.

8. Saukewa da bugawa

Sauke kowane allo iri biyu: PDF don bugawa, PNG don turawa ta WhatsApp. Idan za ka tura, ka tura shi a matsayin fayil, domin idan ya tafi a matsayin hoto WhatsApp yana matse shi, ƙananan rubutu su dushe.

A shagon kwamfuta ka fara buga ɗaya baƙi da fari ka duba. Bayan hoto mai duhu yakan fito baƙi ƙirin ya haɗiye 'yan wasa, ga cin tawada. Idan haka ta faru, ka rage ƙarfin launin hoton baya a shafin har ya yi fari-fari, sannan ka buga sauran. Rubutun kumfa kuma ya zama wanda za a iya karantawa daga taku biyu, tunda a bango za a manna.

9. Darasi na uku: a karanta, a ba da maki

A manna allunan a bango. Dokata ita ce rukunin da ya yi allo ba ya buɗe baki da farko. Wani rukuni ne zai tsaya ya ba da labarin daga abin da ya gani. Inda mai bayarwa ya tsaya yana kame-kame, nan ne allon yake da rami, kuma masu shi za su gani da idonsu ba sai ka faɗa ba.

Makina ashirin nake rabawa haka: takwas ga jerin aukuwa, biyar ga dacewar hoto da abin da ake nufi, biyar ga maganganu da ƙa'idar rubutu, biyu ga haɗin kai. Kyan zane ba shi da maki ko ɗaya, tunda ba su suka zana mutanen ba. Ka faɗa musu wannan tun ranar farko. Ka kuma karɓi takardar fensir tare da wadda aka buga, domin a ta fensir ake gane rukunin da ya yi tunani da wanda yaro ɗaya ya yi wa kowa aiki.

10. Bayan tatsuniya

Da zarar aji ya iya da labarin da ya sani, sai a kai shi wasu darussa. A kimiyya, rayuwar sauro tana da mataki huɗu, daga ƙwai a kan ruwa har zuwa sauro mai tashi, sai a ƙara akwati biyu na yadda ake zubar da ruwan da ya kwanta da kwana cikin gidan sauro. A tarihi, labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu a Daura yana shiga akwati takwas ba tare da matsi ba. Idan kuna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, allon ya zama jagorar ɗaukar ɗan gajeren bidiyo da waya: mai riƙe waya ya duba akwati, ya san ko zai matso ko zai ja da baya.

Fankon da ka yi a mataki na shida, da hotunan harabar makaranta, da fayil ɗin haruffa masu ƙugiya, ka tara su a jaka ɗaya a cikin filashi, ka kuma tura wa kanka kwafi ta imel. Alluna biyu ko uku mafi kyau ka sa su a leda ka ajiye a kabad ɗin ofis, don 'yan aji mai zuwa su fara da ganin aikin yayyensu kafin su ninke tasu takardar.